Henry Darcy, injiniyan da ya shayar da garinsu, ya kuma gano yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa

A yankin Ƙala'at an-Nahal da ke jihar Gadarif a gabashin Sudan, ba ruwan sama ne ya yi ƙaranci ba. Daga watan Yuni zuwa Oktoba damina tana sauka, baƙar ƙasar nan mai laka ta jiƙe har mota ta kasa wucewa, dawa da riɗi su yi kyau. Wahalar tana zuwa ne da rani, idan hafir ya ƙafe, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan damina, aka koma neman abin da ƙasa ta ɓoye. Wani ya haƙa rijiya ya samu ruwa a gaba goma, maƙwabcinsa ya ninka zurfin ya tarar da dutse. Tambayar da ke gaban kowa ita ce, ruwa nawa zai iya ratsa wannan ƙasa, kuma da wane sauri?

Amsar da injiniyoyin ruwa ke aiki da ita a yau, daga Gadarif zuwa Garwa, daga Maraɗi zuwa Sakkwato, ta fito ne daga hannun wani Bafaranshe mai suna Henry Darcy, wanda ya rasu tun 1858. Bai taɓa zuwa waɗannan garuruwa ba, amma da wuya a samu rahoton haƙa rijiyar burtsatse da babu lissafinsa a ciki.

Marayan Dijon

An haifi Henry Philibert Gaspard Darcy ranar 10 ga watan Yuni 1803 a birnin Dijon, cibiyar yankin Bourgogne a gabashin Faransa. Mahaifinsa ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne a ofishin haraji. Ya rasu a 1817, Henry yana da shekara 14, ya bar shi da ƙanensa Hugues a hannun mahaifiyarsu Agathe. Gidan ba na masu hali ba ne, amma uwar ta tsaya kai da fata sai 'ya'yanta sun yi karatu, har da cin bashi don biyan malamai. Wahalarta ba ta tafi a banza ba. Hugues ya zama babban jami'in mulki, Henry kuma a 1821 ya ci jarrabawar shiga École Polytechnique ta birnin Paris, makarantar da ke tace haziƙan ɗaliban lissafi na ƙasar. A 1823 ya wuce École des Ponts et Chaussées, inda ake horar da injiniyoyin gada da hanya na gwamnati.

Da ya kammala a 1826, an fara tura shi yankin Jura, ba da daɗewa ba kuma aka dawo da shi garinsu. A 1828 ya auri Henriette Carey, wadda danginta suka fito daga tsibirin Guernsey. Sun zauna tare har ƙarshen rayuwarsa, Allah bai ba su haihuwa ba.

Gari mai shan ƙazanta

Dijon da Darcy ya dawo ya tarar tana da mutane kimanin 25,000, kuma ruwanta yana cikin mafi muni a biranen Turai na lokacin. Jama'a sun dogara da rijiyoyin cikin gida waɗanda ke kusa da ramukan masai. Wani rafi mai suna Suzon ya ratsa garin, ya zama magudanar dagwalo da bola, da zafi kuma warinsa ya hana mutane sakat. Shekaru aru-aru mahukuntan birnin suna tattauna yadda za a kawo ruwa mai kyau, ana rubuta shawarwari ana ajiyewa.

Gwajin farko da Darcy ya shiga shi ne haƙa rijiya mai zurfi a dandalin Saint-Michel, da fatan ruwa zai ɓulɓulo da kansa. An kai zurfin mita 150. An samu ruwa mai kyau, sai dai bai kai ya wadatar da gari ba. Duk wanda ya taɓa ganin an tara kuɗin unguwa an kawo injin haƙa burtsatse, a ƙarshe ruwan ya riƙa ɗiga, ya san irin wannan takaici. Darcy ya ɗauki darasi daga nan, ya fara bin tsaunukan da ke kewaye da Dijon yana auna idanun ruwa ɗaya bayan ɗaya, damina da rani.

A 1834 ya miƙa wa magajin gari da majalisar birni rahoto. Shawararsa ita ce a janyo ruwa daga marmaron Rosoir da ke cikin kwarin Suzon, arewa maso yamma da gari. Marmaron yana bisa tudu, saboda haka ruwan zai gangaro da kansa, babu injin tura ruwa, babu kuɗin makamashi, babu abin da zai lalace ya bar gari da ƙishirwa. An sha jayayya da ƙauyukan da ke amfani da marmaron kafin a daidaita kan rabon ruwa da diyya.

An fara aiki a watan Maris 1839. An gina rufaffiyar hanyar ruwa ta dutse mai tsawon kilomita 12.7, kuma ranar 6 ga watan Satumba 1840 ruwan Rosoir ya iso babbar ma'ajiyar da aka gina a Ƙofar Guillaume. Yawan ruwan ya kai kimanin lita 8,000 a minti guda. Daga baya an kammala ma'ajiya ta biyu a Montmusard, an shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 28 a cikin gari, an kafa famfunan titi kusan 140, tsakanin kowane famfo da na gaba kamar mita 100. Ruwan famfon titi kyauta ne. Darcy ya dage a kan wannan, domin a ganinsa ruwan sha ba haja ba ce da za a hana talaka. Paris kanta sai bayan kimanin shekara 20 ta samu tsari mai kama da wannan.

Bisa ƙa'ida, ladan aikinsa ya kai faran 55,000, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Ya ƙi karɓa. Majalisar birni ta ba shi lambar zinariya, ta kuma ja masa ruwa zuwa gidansa kyauta har tsawon rayuwarsa.

Jirgin ƙasa da guguwar siyasa

A 1840 aka naɗa shi babban injiniyan lardin Côte-d'Or. A wannan muƙami ya yi wa garinsu wani aikin da ya sauya makomarsa. Ana shirin shimfiɗa layin dogo daga Paris zuwa Lyon, kuma wasu tsare-tsaren sun kauce wa Dijon saboda tsaunuka. Darcy ya kawo tsarin da zai huda dutse a Blaisy-Bas, rami mai tsawon kusan kilomita 4, jirgi ya bi ta Dijon. An amince, aka fara haƙa a 1845. Ya kuma yi aikin rufe rafin Suzon a cikin gari, aka mayar da shi magudana ta ƙarƙashin ƙasa.

Duk da haka, da juyin juya halin 1848 ya kifar da sarki Louis-Philippe, sababbin mahukunta suka ɗauke shi a matsayin mutumin tsohuwar gwamnati, suka tsige shi daga muƙaminsa. Majalisar birni da abokan aikinsa sun nuna rashin jin daɗinsu, amma bai hana ba. An tura shi Bourges ya kula da wata hanyar ruwa ta jiragen kaya, daga nan aka kira shi Paris ya shugabanci sashen ruwa da tituna. A 1850 ya je Ingila ya duba yadda ake shimfiɗa tituna da tsakuwa, ya rubuta rahoto. Birnin Brussels na Beljiyam ma ya nemi shawararsa kan ruwan sha.

A Paris ne ya samu damar yin gwaje-gwaje a unguwar Chaillot kan yadda ruwa ke gudu cikin bututu iri-iri, na ƙarfe da na darma da na gilashi, sababbi da tsofaffi. Ya nuna cewa kaushin cikin bututu yana rage ƙarfin ruwa, abin da masana da dama kafinsa ba su ba muhimmanci ba. Lissafin da ake zaɓen girman bututu da shi har yau yana ɗauke da sunansa tare da na Bajamushe Julius Weisbach. Ya kuma gyara na'urar Pitot ta auna gudun ruwa, wadda jikanyarta ce ke auna gudun jirgin sama a yanzu.

Sai dai lafiyarsa ta daɗe tana ba shi wahala. A 1855 ya ajiye aiki ya koma Dijon, yana da shekara 52.

Bututun yashi a harabar asibiti

Mutumin da ya koma gida don jinya shi ne ya yi gwajin da ya dawwamar da sunansa. Abin da ya dame shi tambaya ce ta aiki. Biranen da ba su da marmaro irin na Rosoir dole su sha ruwan kogi, kuma dole a tace shi da yashi. To, wane faɗin matata ake bukata, kuma wane kaurin yashi, don a samu ruwan da zai ishi gari?

A watan Oktoba 1855 da kuma Fabrairu 1856, shi da wani injiniya mai suna Charles Ritter suka kafa wani bututu a tsaye a harabar asibitin Dijon, faɗin bakinsa santimita 35. Suka zuba yashin kogin Saône a ciki, suka haɗa shi da famfon asibitin, suka sa ma'aunin zaiba a sama da ƙasa don sanin ƙarfin matsin ruwa. Suna sauya kaurin yashin, suna sauya matsin, suna tara ruwan da ya fito suna aunawa. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe wani famfo a cikin asibitin sai ma'aunin ya yi ta rawa.

Sakamakon ya fito a 1856 cikin wani ƙaton littafi mai suna Les Fontaines publiques de la ville de Dijon, mai shafi sama da 600, wanda akasarinsa bayani ne kan yadda ake samar wa gari ruwa. Dokar da duniya ta san shi da ita tana can ƙarshe, cikin wani rataye na 'yan shafuka.

Abin da dokar ta ƙunsa mai sauƙin faɗa ne. Yawan ruwan da ke ratsa yashi ya dogara da abu huɗu. Idan aka ninka faɗin wurin, ruwan ya ninka. Idan aka ninka bambancin tsayin ruwa tsakanin mashiga da mafita, ruwan ya ninka. Idan aka ninka nisan da zai ratsa, ruwan ya ragu da rabi. Na huɗu kuma wani adadi ne da ke nuna halin ita ƙasar, wato sauƙin da take bai wa ruwa ya wuce. Wannan adadi shi ne sirrin komai. A yashi mai tsabta yana iya kai mitoci da dama a rana. A yumɓu bai kai milimita guda a rana ba. Tsakanin tsakuwa da laka, bambancin ya wuce ninki miliyan.

Neman ruwan ƙarƙashin ƙasa ba da Darcy ya fara ba. Wajen shekara ta 1000 miladiyya, masanin lissafi al-Karaji, wanda ya yi zamani a Bagadaza, ya rubuta littafi da Larabci mai suna Inbat al-Miyah al-Khafiya kan yadda ake gano ɓoyayyen ruwa da janyo shi. Masu haƙar rijiya na ƙasar Hausa su ma sun san launin ƙasa da irin itatuwan da ke nuna ruwa na kusa. Abin da Darcy ya ƙara shi ne ma'auni, wanda za a iya rubutawa a lissafa kafin a kashe kuɗi.

Bai daɗe ba bayan haka. A farkon watan Janairu 1858 ciwon huhu ya kama shi a Paris, ya rasu yana da shekara 54. Aka ɗauko gawarsa a jirgin ƙasa zuwa Dijon, ta layin da shi ya yi fafutukar kawowa. Birnin ya sa wa dandalin da ke kusa da ma'ajiyar ruwansa suna Place Darcy, sunan da yake amsawa har yau. Almajirinsa Henri Bazin ya ƙarasa gwaje-gwajen da suka fara kan gudun ruwa a buɗaɗɗiyar magudana, ya wallafa a 1865. Jules Dupuit kuma a 1863 ya ɗora lissafin rijiya a kan dokar, wato yadda ruwa ke taruwa zuwa rami idan ana ja. Daga baya masu haƙar man fetur suka sa wa ma'aunin ratsuwar dutse sunan darcy, kuma da shi ake auna duwatsun mai a Agadem ta Nijar da yankin Neja Delta.

Hujjar da ta zo bayan shekara 124

Darcy ya ga dokarsa a gwaji, amma bai nuna dalilin da ya sa take aiki ba. Kuma abin akwai ɗaure kai. A cikin tafin hannu guda na yashi akwai dubban ƙananan hanyoyi, wata ta karkace, wata ta toshe, wata ta rabu biyu. A kowace ruwa yana bin ƙa'idojin motsi masu wuya da Navier da Stokes suka rubuta. Ta yaya wannan rikici zai haifar da doka mai sauƙi haka?

Amsar ta zo ta wani reshen lissafi da Faransawa ke kira homogénéisation, wanda za mu iya kira lissafin dunƙulewa. Misalinsa tabarma ce. Wanda ya sa ido kusa zai ga kaba tana hawa tana sauka, kowane zare da tasa hanyar. Wanda ya tsaya nesa kuwa shimfiɗa guda yake gani mai kauri ɗaya da ƙarfi ɗaya. Da yake saƙar maimaita kanta take yi, idan mutum ya fahimci ido guda na saƙar da kyau, zai iya lissafa halin tabarmar gaba ɗaya. Haka masana suka yi da ƙasa. Suka ɗauka ƙwayoyin yashi suna jere cikin tsari mai maimaituwa, suka warware tafiyar ruwa a cikin ɗaki guda na wannan tsari, sannan suka duba abin da zai faru idan ɗakin ya yi ta ƙanƙancewa idan aka gwada shi da faɗin filin gaba ɗaya. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne dokar Darcy, adadin nan na halin ƙasa kuma ya fito daga siffar ɗakin guda.

Enrique Sanchez-Palencia ya shimfiɗa wannan hanya a Paris a shekarun 1970, kuma a littafinsa na 1980 Luc Tartar ya rubuta cikakkiyar hujja. Grégoire Allaire ya faɗaɗa ta a 1989. A wannan shekarar ce kuma wani masanin lissafi ɗan Kamaru, Gabriel Nguetseng na Jami'ar Yawunde, ya wallafa wata dabara da ke riƙe ma'auni biyu a lokaci guda, na ƙwayar yashi da na faɗin fili. Allaire ya bunƙasa ta a 1992, ta zama ɗaya daga cikin manyan kayan aikin wannan fanni a duniya.

Lissafin bai tsaya a kan ruwa kaɗai ba, ya shafi abin da ruwan ke ɗauke da shi, gishiri ko takin zamani ko maganin feshi ko ƙazantar masai. A 1953 Baturen Ingila G. I. Taylor ya nuna cewa launin da aka zuba cikin siririn bututu yana bazuwa fiye da yadda ake zato, saboda ruwan tsakiya ya fi na gefe gudu. A cikin ƙasa abin ya fi haka, domin wani ɓangare na ƙazantar yana samun gajeriyar hanya ya riga sauran isa. Lissafin dunƙulewa yana ba da hanyar ƙiyasta wannan bazuwa ba tare da an bi kowace ƙwaya ba.

Abin da wannan ke nufi a bakin rijiya

Mu koma Ƙala'at an-Nahal da wannan ma'auni. Baƙar lakar filayen Gadarif ba ta barin ruwa ya wuce, shi ya sa hafir ke riƙe ruwa wata da watanni, kuma shi ya sa ruwan sama kaɗan ne ke nutsewa ya ciyar da rijiyoyi. Ƙarƙashin lakar a wannan yanki tsohon dutse ne mai tauri, ruwa ba ya zama sai a tsagoginsa da inda ya ruɓe. Wannan ne dalilin da rijiyoyi biyu maƙwabta ke bambanta. Lokacin da aka tsugunar da 'yan gudun hijira daga Iritiriya a ƙauyukan yankin a ƙarshen shekarun 1960, sai da aka janyo musu ruwa ta bututu daga kogin Rahad. Birnin Gadarif shi ma ya daɗe yana dogara da ruwan kogin Atbara da ake turowa daga Shuwak. A Maraɗi labarin daban ne, domin yashin kwarin Gulbi yana shan ruwa yana kuma bayarwa cikin sauƙi. Wannan alheri ne, amma ta hanyar da ruwa ya bi, ta nan ƙazanta ma take bi.

Ga misali na lissafi. A ce yashi yana da adadin ratsuwa na mita 10 a rana, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana gangara mita 1 a kowace mita 100. Dokar Darcy ta ba da santimita 10 a rana. Amma ruwan ta cikin ramuka kaɗai yake bi, idan kuwa ramukan kashi ɗaya cikin huɗu ne na yashin, ainihin gudunsa santimita 40 ne a rana. Ke nan abin da ya fito daga masai zai yi tafiyar mita 30 cikin kwana 75, lokacin da yawancin ƙwayoyin cuta sun mutu a hanya. Idan tazarar mita 5 ce, ƙasa da mako biyu ya isa. Wannan ne tushen ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi, cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A dutse mai tsagogi kuwa ko mita 30 ba ta ba da tabbaci, domin tsaga guda tana iya kai ruwa nesa cikin ɗan lokaci, kuma a nan dokar Darcy kanta sai an yi taka-tsantsan da ita.

Batun ba na takarda ba ne kawai. A watan Satumba 2023 hukumomin lafiya na Sudan suka bayyana ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif, a daidai lokacin da dubban mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu suke kwararowa. Matsalar da ta sa wani matashin injiniya ya fara bin tsaunukan Dijon yana auna marmaro kusan shekara 200 da suka wuce, ita ce dai ke gaban kwamitin kowace unguwa da ke shirin haƙa sabuwar rijiya. Kafin a sa diga, a san irin ƙasar, a san inda ruwan ke gangarowa, a kuma auna tazarar da ke tsakanin ramin da za a sha da ramin da ake zubarwa.